Anti Kati da Haruffa Masu Ƙugiya

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara shida ta ba ni. A gida Yaya muke ce mata. A asibitin da take aiki kuwa ba na jin akwai mutum biyar da suka san ainihin sunanta. Daga likitoci har masu shara Anti Kati suke kiranta, don shekararta goma sha tara ke nan a ɗakin kati.

Ɗakin yana can ƙarshen baranda, kusa da inda ake ɗibar jini. Taga ɗaya gare shi mai sandunan ƙarfe, ta nan marasa lafiya suke miƙo ƙaramin kati a nemo musu babba. Ciki kantoci ne har rufi, maƙare da fayil-fayil da suka yi ja don tsufa, sai tebur biyu da wata fanka mai kukan tsohon keken ɗinki. Ni tela ce, na san irin kukan.

Yaya ba ta taso da burin zama a bayan taga ba. Ta yi shekara biyu a kwalejin fasaha tana karanta kwamfuta, kuma ita ce ta ɗaya a ajinsu. Sai Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ina ƙarama, Inna ba ta iya ɗaga shi, Yaya ta tattaro littattafanta ta dawo jinya. Ta ce wata uku. Shekara uku aka yi. Da Allah ya yi masa rasuwa ba ta koma ba, asibitin da ta yi jinyar ne ma suka ɗauke ta aiki, tunda ba lungun da ba ta sani ba. A nan ta haɗu da mijinta, ya zo gyaran firijin ɗakin magani. Har yau gyaran firiji yake yi, mu kuma Injiniya muke ce masa, yana amsawa ba kunya.

Ranar da aka kawo kwamfuta ɗakin kati, Yaya ta fi kowa murna. Wani ɗan kwangila ne ya rubuta manhajar, mutum mai fara'a da yawan turare. Ya yi sati biyu yana koya musu, aka tafa masa, ya tafi. Aka kwashe sunayen marasa lafiya aka zuba a ciki. Abin da a da sai an hau kujera an yi ta laluben kanta, yanzu sai a buga suna ya fito.

Sai dai ba kowane suna yake fitowa ba. In suna ya fara da babban Ɗ ko Ƙ ko Ɓ, mai nema kuma ya yi sauri ya buga ƙaramin harafi, sai kwamfutar ta ce babu. D da d ta san 'yan gida ɗaya ne, amma Ɗ da ɗ a wurinta ko gaisawa ba su taɓa yi ba. In aka jera sunaye kuma sai ta kwashe masu ƙugiyar nan ta watsa su can ƙasan Z, inda ba mai dubawa. Ma'aikaci ya ga an ce babu, ga layi har bakin ƙofa, sai ya buɗe sabon kati. Haka mutum ɗaya ya zama mutum biyu, wani ma uku.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da tukwane da ta zama uku. A katinta na farko an rubuta da jan biro cewa akwai allurar da jikinta ba ya karɓa. Katinta na uku fes yake, ba komai a kai. Aka yi mata allurar. Fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, sai da ta kwana biyar a gado kafin ta dawo hayyacinta. Da aka bi sawu, aka tarar Yaya ce ta buɗe katin na uku, wata Litinin da mutane suka yi yawa. Aka ba ta takardar gargaɗi. Ta sa hannu. Ta je ta duba tsohuwar sau biyu, tsohuwar tana ta sa mata albarka don ba ta san wace ce ba.

Ta kira ɗan kwangila. Ya ce, “Anti, wannan ba daga wurina ba ne. Ki ce musu su riƙa buga babban harafi kawai.”

Ba ta yarda ba, ta ɗauka zillewa yake yi. Ta tambaye shi da wane harshe ya rubuta manhajar, ya gaya mata. Injiniya yana da wata tsohuwar kwamfutar hannu da wani ya bar masa, sai an jingina murfinta da bango take tsayawa. Yaya ta sauke harshen a kai, ta tono abin da ta bari shekara da shekaru, ta rubuta ɗan gwaji. Matsalar ta fito sak. Ashe mutumin gaskiya ya faɗa.

Wata Asabar da safe ta zo shagona da kwamfutar a jaka, ta ture yadudduka ta zauna a kan teburin yanka.

“Ke, tsaya ki ji,” ta ce. “Kin ga mutum yana rubuta wa kwamfuta umarni da wani harshe da mutum zai iya karantawa. Amma injin ba ya jin wannan harshen. Sai an sami tafinta, wata manhaja ce da ke juya rubutun ya koma abin da inji yake ji.”

“Na ji. To tafintan ne kurma?”

“Tsaya mana. Harshen kuma yana zuwa da akwatin kayan aikinsa, kamar yadda kekenki ya zo da allurai da ƙoshiya da ɗan mai. Ba kowa ne zai zauna ya ƙera nasa ba. A cikin akwatin akwai abin da ke mayar da babban harafi ƙarami, akwai mai jera kalmomi. Su ne ba su san namu ba.”

“To ki kai ƙarar kamfanin.”

Ta yi dariya. Ta ce babu kamfani. Mutane ne barkatai a duniya suke aikin sa-kai, wani malamin jami'a, wani ma'aikacin banki, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Komai a buɗe yake, duk wanda ya ga ɓaraka yana iya aika gyara, su duba, in ya yi su karɓa.

“Har ke?”

“Har ni.”

Rabon da in ga idonta yana ƙyalli haka tun kafin ciwon Baba.

Asabar takwas ta yi tana abu ɗaya. Gyaran da ta fitar a ƙarshe layi goma sha ɗaya ne. Na ce, “Yaya, wata biyu, layi goma sha ɗaya? Ni da na ɗinka wa unguwa guda.” Ta ce in rufe mata baki. Ta aika.

Bayan kwana goma sha tara amsa ta zo daga wani mutum da ba mu san fuskarsa ba, hoton kyanwa ya sa a madadin nasa. Muka raɗa masa Mai Kyanwa. Mutumin kirki ne, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya yi godiya, ya ce gyaran daidai yake, bai ma san da waɗannan haruffan ba sai yau. Amma sai ta haɗa da gwaje-gwajen da za su nuna gyaran bai ɓata wani abu ba. Ta rubuta, ta aika. Ya dawo ya ce ya lura shi ma tafintan yana da nasa jadawalin haruffa daban, dole a gyara su tare, kuma matar da ke kula da wannan ɓangaren ta tafi hutun haihuwa. Aka jira ta wata biyar. Da ta dawo, wani can ya tsoma baki ya ce in aka canza yadda ake jera haruffa, akwai masu manhajojin da suka dogara da tsohon jerin, za a ɓata musu aiki. Aka yi ta muhawara, mutum goma sha, kowa da ladabinsa. Aka ce a bari sai fitowa ta gaba.

Duk wata shida suke fitar da sabon zubi na harshen. Kafin na gaban ya zo, wani ya riga ya sake fasalin wurin da gyaranta zai zauna, layukanta ba su shiga kuma. Sai ta sake. Sau huɗu tana sakewa. Na ce mata ni ma ina da kwastoma irin wannan, duk ranar da na gama rigarta sai ta zo ta ƙara ƙiba.

Kowane sabon zubi yana zuwa da dogon jerin abin da aka gyara, ita kuma sai ta karance shi tas a shagona, da ƙarfi, ina taka keke. An rage lokacin da tafinta yake ɗauka da kashi biyu cikin ɗari. An gyara wani saƙon kuskure da yake nuna layin da ba shi ba ne. An cire wani abu da ba mai amfani da shi. An gyara lissafin kwanan wata a shekara mai ƙarin kwana. Haka har ɗari biyu da wani abu. Tana zuwa ƙarshe, ba nata a ciki, sai ta rufe murfin a hankali.

“Mutanen nan ba su da babban aiki ne?” na tambaye ta wata rana. “Kullum ƙanana-ƙanana kamar mai tsintar zare.”

“Haka abin yake tafiya,” ta ce. “In suka yi gaggawa, asibitin wani ne zai tsaya.”

Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, ba ta jin haushinsu. Ni ina neman wanda zan zaga, babu. Injiniya ma ya gaji, ya ce, “Ki ba ni lambar mai kyanwar nan in yi masa magana namiji da namiji.” Ta ce ba shi da lamba, kuma shi ma bayan ya tashi daga nasa aikin yake duba nata. Injiniya ya ce to Allah ya ba kyanwar lafiya.

A ɗakin kati kuwa ta rubuta takarda da manyan baƙaƙe ta manna a goshin kowace kwamfuta: A NEMA DA BABBAN HARAFI. Ma'aikatan ranakun aiki suna bi. Masu zuwa ƙarshen mako da sababbin ɗauka, wani ya bi, wani ya manta. Duk Juma'a sai ta zauna ta tsamo katunan da suka yi tagwaye ta haɗe su da hannu. Wani satin bakwai, wani satin ashirin. Waɗanda ta gani ke nan.

Shekara uku da wata huɗu aka yi. Wata Talata da tsakar rana, lokacin da ba ta taɓa barin taga ba, sai ga ta a ƙofar shagona tana haki, da takardar jerin gyare-gyaren sabon zubi a hannu. Na ɗauka wani abu ya sami Inna.

“Karanta na ɗari da arba'in da biyu.”

Turancina ba shi da ƙarfi, ita ta fassara mini. An gyara sauya babba da ƙarami, da jeri, na wasu haruffa masu ƙugiya. Shi ke nan. Ko sunanta babu, sai wata lamba a gefe. A samansa gyaran wani waƙafi ne, a ƙasansa wani abu game da agogo.

Muka rungume juna a tsakiyar shago, kwastoma tana tsaye da tef a wuya tana kallonmu. Na aika aka sayo lemo mai sanyi. Yaya tana sha tana dariya, hawaye yana zuba, tana cewa ko'ina a duniya, ko'ina, duk wanda ya ɗauki sabon zubin ya ɗauka da namu a ciki.

Washegari ta shiga ofishin shugaban asibiti. Dattijo ne mai haƙuri, kullum idonsa ja don gajiya. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ce, “Madalla, Anti Kati. To a sa mana.”

Ta ce sai an kawo ainihin rubutun da ɗan kwangila ya yi, a ba sabon tafinta ya sake juya shi, sannan gyaran zai shiga.

“Ba shi ne a cikin kwamfutocin ba?”

“A'a, ranka ya daɗe. Wannan wanda aka riga aka juya ne.”

Aka buɗe sito, aka zazzage fayil ɗin kwangilar. Akwai takardar miƙa aiki, akwai hoton ranar buɗewa, akwai faifai guda mai ɗauke da abin da ke cikin kwamfutocin. Rubutun asali babu. Ba wanda ya san ana tambayarsa, don haka ba wanda ya tambaya.

Lambar ɗan kwangila ta daina shiga. Wata biyu Yaya tana cigiya kafin wani mai gyaran waya ya ce ya gan shi a bakin babbar kasuwa, ya buɗe shagon tayil. Na rufe shago na raka ta. Muka same shi ya yi tumbi, turaren dai yana nan. Ya gane ta nan take, ya sa aka kawo mana kujeru da ruwan sanyi. Da ta faɗi abin da ya kawo mu, sai ya dafe kai.

“Kai, Anti. Wannan kwamfutar ai ruwa ya cinye ta, shekarar da rufin gidana ya yaye. Na kai gyara aka ce ba abin da zai fita.”

“Ba ka ajiye a wani wuri ba? Ko ka aika wa wani?”

Ya ciro waya ya yi ta dube-dube a tsofaffin saƙonni, muna zaune, kusan rabin awa. Ya kira wani abokinsa da suka yi aikin tare, shi ma ya ce bai da shi. Na zuba masa ido ina neman alamar ƙarya, ban gani ba.

“Wallahi da akwai da na ba ki,” ya ce. “Me zan yi da shi? Ni yanzu ko buɗe shi aka yi ba zan gane ba.”

Da za mu tafi ya ce in muna gini mu tuna da shi, akwai sabon kaya mai kyau.

A mota Yaya ta kafe ido a taga. Na ce, “Ba a iya farke manhajar da ke asibitin? Ni in aka kawo mini riga ina farkewa in ga yadda aka yanka.”

“Wannan ba ɗinki ba ne,” ta ce. “Siminti ne, ya riga ya bushe.”

Ta koma wurin shugaba ta ce a ba ta dama ta rubuta sabuwa da kanta. Ya ce hukumar asibiti ba za ta yarda ma'aikaciyar kati ta rubuta abin da ran mutane zai rataya a kai ba, wa zai sa hannu? Ita ma ta sani, manhajar ta haɗe da ɗakin magani da ɗakin gwaji, ba aikin Asabar ba ne. Ya ce sabon tsari yana cikin shiri. Yau shekara biyu yana cikin shiri.

Ta rubuta wa Mai Kyanwa ta gaya masa duka. Ya amsa a ranar, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce abin ya taɓa shi ƙwarai, ya yi tunani ta kowace fuska bai ga hanya ba. A ƙarshen saƙon ya ce wani ya aiko da gyara irin nata, na haruffan wani harshe can daban, ko za ta duba masa tunda yanzu ta fi kowa sanin wurin? Ta duba. Ta nuna wa mutumin kuskure biyu, ta ce ya haɗa da gwaji. Nasa wata bakwai kawai ya ɗauka.

Bara aka sake auna arziki. Wata mai juna biyu ta zo da kati biyu, rukunin jininta a rubuce a ɗaya, ɗayan kuma an cika shi da na wata. Wata nas mai ido ce ta tsaya ta ce a sake gwadawa kafin a ɗaura mata jini. Kwamiti ya zauna, aka kira Yaya. Shawarar da suka yanke ita ce a cire ƙugiya daga duk sunayen da ke cikin kwamfuta, Ɗ ya koma D, Ƙ ya koma K, Ɓ ya koma B, kuma daga ranar kada wanda ya sake buga su. Ta ce musu akwai sunayen da ƙugiyar ce kaɗai ta raba su, za su zama ɗaya. Suka ce a riƙa haɗawa da ranar haihuwa da lambar waya. Suka tambaye ta ko tana da wata dabara da za a fara gobe. Ta ce babu. Suka ce to ita za ta yi aikin, tunda ba wanda ya san katunan kamarta.

Da ta gaya mini na miƙe tsaye. “Kuma kika yarda? Bayan duk wahalar nan?”

“Gaskiyarsu ce,” ta ce. “Ni ma da ni ce su, haka zan ce.”

Kati dubu goma sha ɗaya da 'yan kai ne. Sittin take yi a rana, daga ƙarfe huɗu in an rufe taga zuwa lokacin tashi. Ta buɗe suna, ta goge harafi, ta sa wani, ta duba ko akwai tagwai, ta wuce na gaba. Idonta ya fara ruwa, yanzu da tabarau take aiki.

Watan jiya na je a auna mini hawan jini, na shiga ɗakin na zauna a bayanta ina jiran layi ya ragu. Wani malamin makaranta ya zo taga zai buɗe wa matarsa kati, da alli a hannun rigarsa. Ya faɗi sunan, ya sunkuyo ya ƙara da cewa, “Don Allah da ƙugiya ake rubuta shi. Ko'ina sai sun ɓata mana. Ko in rubuta miki a takarda?”

“Na san shi, Malam,” ta ce.

Ina kallon yatsanta. Ya ɗan tsaya a sama, sannan ta buga K. Ta juya fuskar kwamfutar kaɗan yadda ba zai gani ba, ta rubuta lamba a ƙaramin kati da biro, ta miƙa masa ta tsakanin sanduna. Ya yi godiya sosai ya tafi.

“Na gaba,” ta ce.